Ƙofar da Saminu Ya Bari a Buɗe

A takarda dai, wata bakwai ba a haifi ko jariri ɗaya ba a komin ɗin nan, wato ƙaramar hukumar. Haka mutumin babban ofishin rajista na Damagaram ya faɗa mini a waya wata Litinin da rana, har da ƴar dariyarsa mai ban haushi.

"Madam Hinda, matan can sun shiga yajin aiki ne?"

Na ce masa ya goge tabaransa ya sake dubawa. Ya ce ya duba sau uku. Babbar sarbar da ke Damagaram, wadda ke karɓar sunayen duk wanda aka yi wa rajistar haihuwa ta ba shi lamba, rabon da ta ga suna ɗaya daga wannan meri, wato ofishin komin ɗin, tun watan Janairu.

Ni ce Hinda Idrisa. A Magaria nake zaune, ni ke kula da ordinatocin rajistar haihuwa, wato kwamfutoci, na meri huɗu tsakanin Magaria da Dungass, a ƙarƙashin wani furoje. Ba zan faɗi sunan komin ɗin ba, don ba laifinsu ba ne. Abin da zan faɗa shi ne, a wata bakwai ɗin nan an shigar da suna dubu ɗaya da ɗari da arba'in a wurin. A ciki akwai yara ɗari biyu da sha biyu da suka gama firamare, ba za a rubuta su a kolej ba sai da takardar haihuwa mai lambar Damagaram, kuma ran Juma'a ake rufe dosiye, a daina karɓar takardu. Takardun hannu da aka cike? Kwanon ɗakin ajiya ya yi yoyo da ruwan farko, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Iyayen kuwa wasu daga rugage suka zo, sau ɗaya, suka koma. Idan sunayen nan ba sa cikin ordinata, to ba sa ko'ina a duniya.

Na hau moto, wato babur ɗina, na nufi merin, raina a ɓace. Na tarar da Malam Issoufou, sakataren rajista, dattijo mai farin gemu wanda da yatsa biyu kawai yake bugawa, zaune gaban ordinata.

"Malam, me kuka taɓa?"

"Ni? Wallahi ko ƙura sai da bismillah nake share ta, Madam. Kullum na shigar da suna tana ce mini an karɓa."

Ya nuna mini. Ya buga sunan wata jaririya, ya danna, koren rubutu ya fito: an karɓa. Ya kira sunan wani yaro na watan Maris, ga shi nan ya fito har da sunan kakansa.

Sai na ɗan saki numfashi. Sunayen suna nan. Saura in san inda suke.

Bari in yi bayani yadda nake yi wa masu meri, don ba abu ne mai wuya ba. Manhajar rajistar ba a sake take a cikin ordinata ba, a rufe take cikin abin da muke kira kwantena. Ku ɗauka ordinata gida ce, kwantena kuma ɗaki ne a cikin gidan, babu taga. Wanda ke cikin ɗakin in ya ce "nan", ɗakin yake nufi, bai san da tsakar gida ba. In yana son wani abu a waje, sai an ba shi adireshin gidan da lambar ƙofa, ya ƙwanƙwasa. Tamu manhajar ƙofa 5433 aka ba ta. Duk sunan da Malam Issoufou ya buga, ta wannan ƙofa yake fita.

Ni kuma tun da na karɓi merin, daga cikin kwantenar nake dubawa. In ƙwanƙwasa 5433, a amsa, in sa hannu a rahoto cewa komai lafiya. Na ɗauka bayan ƙofar rumbun ajiyar gidan ne, wanda ke tura wa Damagaram kowace yamma. Ko sau ɗaya ban fito tsakar gida na leƙa bayan ƙofar ba. Wannan sakarcina ne, ba na kowa ba.

Ran nan na fito na leƙa. Babu rumbu a ordinatar. An kashe shi tun Janairu. Abin da ke riƙe da ƙofa 5433 wata hanya ce da aka haƙa ta cikin reso, wato intanet, zuwa wata ordinata a wani wuri. Na buɗe fayil ɗin da aka haƙa hanyar da shi, sai na ga layi ɗaya a sama, da Hausa:

"Na kwana biyu ne kawai, kafin a gyara layin Damagaram. Zan gaya wa Hinda."

Na san rubutun. Saminu ne kaɗai ke rubuta Hausa a cikin fayil.

Saminu abokin aikina ne, shi ke riƙe da wannan meri kafin ni. Gwani ne, amma mutum ne mai ƙulla abu da zare ya ce gobe zai ɗinke. A kan haka muka yi faɗa a satinsa na ƙarshe, na ce masa ran da ya mutu sai mun kira boka kafin mu gane aikinsa. Da bakina na faɗa. Safiyar wata Alhamis ta watan Janairu ya kira ni sau uku, ina kallon wayar na ƙi ɗauka. Kafin azahar wata babbar mota ta haɗa shi da motonsa a hanyar Waca. Waɗanda suka je wurin sun ce jakarsa ta yi raga-raga, har suka tsinci ɓaraguzan roba da waya a kwalta. Kowa ya ce ordinatarsa ta tafi tare da shi.

Na tambayi ordinatar da ke bayan ƙofar sunanta. Ta amsa nan take: saminu.

"Malam," na ce, "ka san wa ke karɓar sunayen nan?"

Bai ko ɗaga kai ba. "Marigayi mana."

"Kai Malam! Haba!"

"To ni me na sani? Ni dai na lura ba ya amsawa sai ƙarfe tara ta yi. Ana kiran magariba yake tashi. Ran Laraba ba ya zuwa sai bayan la'asar. Ranar da aka yi rasuwa a wajen Kwaya, kwana uku bai amsa ba, sai na tara takardu na jira shi. Shi ya sa in na zauna nake masa sallama. Mutum yana maka aiki, ai ka gaishe shi."

Na so in yi masa tsawa, in ce na'ura ba ta zuwa ta'aziyya. Amma na buɗe tarihin ƙofar na wata bakwai, na ga duk abin da ya faɗa haka yake. Tara na safe. Magariba. Laraba. Har lokacin tashin yana matsawa da tsawon rana, daidai da kiran salla. Ba agogo ne ke yin wannan ba.

Na ce ko aljani ne, sai na ƙwace sunayena. Na shiga kwantena na ba da umarni a kwaso duka ta ƙofar. Abin ya fara tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Kashi goma. Kashi ashirin da biyu. Ina zaune ina cizon farce. A kashi talatin da ɗaya ladan ya ce Allahu Akbar a masallacin bayan meri, kafin ya kai ta biyu layin ya tsinke.

"Ya tashi," in ji Malam Issoufou, yana neman takalminsa.

Talata tun ƙarfe takwas ina gaban ordinata. Gari ya yi luf da hadari, tun jiya ba a ga rana ba. Tara ta yi, na ƙwanƙwasa, shiru. Tara da rabi, shiru. Goma, sha ɗaya. Wata mata ta shigo da ɗiyarta riƙe da takardar lakwal, wato makaranta, tana tambaya ko ta yarinyar ta fito. Na ce ta dawo jibi, ban iya kallon idon yarinyar ba.

"Bai taɓa makara ran Talata ba," in ji Malam Issoufou a hankali.

"Don Allah Malam ka bar cewa shi! Ina Saminu ya kwana daren da zai rasu?"

Ya yi tunani. "Wurin mahaifiyarsa, Inna Daso. Tudun Maina, bayan Kwaya. Yana son garin don a kan tudun ana kama reson Najeriya tar."

"Yaushe kasuwarsu ke ci?"

"Laraba."

Na zari makullin moto.

Hanyar duk taɓo ce, gero ya fi tsawona dama da hagu, ba ka ganin kowa sai ƙarar injinka. Sau biyu na faɗi. Ina tafe ina zagin Saminu a zuci, ina neman gafarar Allah, ina sake zaginsa. Azahar ta gota na isa. Aka nuna mini gida na ƙarshe a kan tudu, ga ɗan fano na hasken rana a ɗaure saman rumbu.

Na yi sallama. Wata tsohuwa siririya ta fito daga ɗaki, idonta ya yi ja.

"Inna, ina wuni. Ni ce Hinda, abokiyar aikin marigayi."

Ta kama hannuna da hannu biyu. "Ke ce Hinda? Alhamdulillahi. Shigo, ɗiyata, shigo. Yau tun safe bai kifta ba."

Ɗakin duhu, ƙanshin turaren wuta da danshin ƙasa. A kan wani turmi da aka kife aka shimfiɗa masa tabarma, ga ordinatar Saminu a buɗe, har da tsagewar nan ta kusurwa da na sani. A gefe ga ɗan modem, ga tsohon batir na mota, ga igiyar sharja an ɗaure ta da zaren saƙa a wuri uku. Na zauna a ƙasa ban shirya ba.

"Safiyar da zai tafi," in ji Inna, "ya ce, Inna, kada ki bari wannan ta mutu, aikin mutane ne a ciki. In gari ya waye ki buɗe, in magariba ta yi ki rufe ki lulluɓe. Gobe zan dawo. To ni ban ji ya ce in daina ba."

"Wata bakwai, Inna?"

"In na dawo daga rijiya in buɗe. Ran kasuwa in ba mai kanti lambar da ya rubuta mini ya sa abin da ake sawa. Kin ga wannan ƴar fitilar?" Ta nuna modem. "In ana nemansa a biro, can wurin aikinsa, sai ta yi ta kiftawa. Ina zaune ina tsinke yakuwa ina kallo, in ce yau yaron nan aiki ya yi masa yawa. Na san ya rasu, ɗiyata, ni na ga gawarsa, ba hauka nake ba. Amma ana nemansa."

Na matsa na duba. Abu biyu na gani. Na farko, megan modem, wato datarsa, ya ƙare ƙaf, kuma ni na cinye shi jiya da kwasar da na yi. Na biyu ya fi muni. Kwana biyu babu rana, batir ɗin mota ya sauka, ordinatar tana kan kashi shida. Fuskarta na neman kod, kuma na san Saminu: faifansa a kulle yake tun daga tushe. Muddin ba ta mutu ba, rumbun da ke ciki yana aiki a bayan kullen. In ta mutu sau ɗaya, ba mai sake buɗe ta har abada, don kod ɗin yana kabari.

"Inna, kada ki taɓa komai. Ko tari kada ki yi kusa da igiyar nan."

Na fita da gudu na turo motona har bakin ɗaki, na cire murfin batir, na zare wayoyin daga batir ɗin mota na riƙe su a kan nawa, na tayar da inji. Hayaƙi ya cika ɗakin. Kashi huɗu. Na riƙe numfashi. Alamar sharja ta kama.

"Inna, zo ki riƙe nan. Ja a nan, baƙi a nan. Ko me ya faru kada ki saki."

Ta tsuguna ta riƙe, kamar mai riƙe kan jariri. Na tura mega daga wayata, na buɗe tawa ordinatar a kan cinya.

Ga abin takaicin. Ordinatar Saminu gwiwata na taɓa ta, amma ba ni da hanyar shiga. Rumbun da ke cikinta ba ya sauraron kowa sai wanda ya zo ta hanyar da ya haƙa, kuma bakin hanyar yana can meri. Sai da na bi reso na koma ordinatar Malam Issoufou, na shiga kwantena, na fita ta ƙofa 5433, na biyo hanyar marigayi na dawo cikin ɗakin da nake zaune. Ina dannawa fitilar modem ta kifta.

"Ga shi nan!" in ji Inna. "Ga shi nan ya tashi!"

"Kada ki saki, Inna!"

Ruwa ya sauko. Ya yi ta dukan jinka, yana feso mu ta ƙofa, na cire mayafina na rufe batir da hannuwanta. Aikin kwasar sunaye ya kai kashi arba'in. Sittin. Reso ya ɗauke, zuciyata ta tsaya, ya dawo. Na ce wa Inna ta bari in karɓa, ta harare ni.

"Wata bakwai ina riƙe da shi, sai yau zan kasa?"

La'asar ta wuce sosai lokacin da ya cika ɗari. Na ƙirga: dubu ɗaya da ɗari da arba'in da ɗaya, har da jaririyar jiya. Na kwafa wuri uku kafin in yarda in kashe inji. Daga nan zaune na gyara adireshin kwantenar, na juya ta ta fuskanci Damagaram kai tsaye yadda ya kamata tun Janairu. Washegari lambobi suka fito. Alhamis Malam Issoufou ya wuni yana buga hatimi, yaran nan ɗari biyu da sha biyu duk suka shiga dosiye.

Amma kafin in bar ɗakin a ranar, ina ɗaure jaka, Inna ta tambaye ni.

"To gobe ma zai kifta?"

Ni ba na son ƙarya, kowa ya san ni da baki. Na gama juya hanya, babu sunan da zai sake biyowa ta nan. Na kalli zaren da ta ɗaure igiyar da shi.

"Zai kifta, Inna."

Da na koma na ƙara layi ɗaya a cikin kwantenar. Daga tara na safe, duk bayan minti goma, ta ƙwanƙwasa 5433 ta tambaya ko ana nan. Babu suna, babu aiki, ƙwanƙwasawa kawai. Na kai wa Inna sabon batir da sabuwar sharja, megan ma na ɗauke mata. Malam Issoufou ya ci gaba da sallamarsa, na daina yi masa faɗa. Ni ma kullum da safe, ko ina wace meri, sai na leƙa. In na ga an amsa, na san tsohuwa ta dawo daga rijiya.

Wata biyar muna haka. Wata Asabar cikin sanyi ina gida ina wanki, na leƙa ƙarfe tara, shiru. Tara da minti goma, shiru. Rana tar a sama, mega kuma ni na sa da hannuna. Ba ranar kasuwa ba ce. A goma da rabi na bar wankin a baho, na sa hijabi. Ba wanda ya kira ni, ban kuma kira kowa ba.

Ina hawa tudun na gamu da maza suna dawowa daga maƙabarta.

Mata sun cika tsakar gida. Na yi gaisuwa na zauna. Wata maƙwabciya mai suna Yakura ta matso ta raɗa mini cewa da asuba abin ya sami Inna, ba ta daɗe ba.

"Maganarta ta ƙarshe, ta ce a buɗe wa yaron nan, ana nemansa a biro. Mu kuma wallahi tsoro muke ji, ba wadda ta iya taɓawa."

Na tashi na shiga ɗakin, mata uku suka biyo ni suka tsaya a bakin ƙofa. Ordinatar tana kan turmi, lulluɓe da zanen Inna mai ruwan bula, an soke gefensa da kyau don kada sanyi ya shiga. Na yaye zanen na ninke. Na ɗaga murfin.

Minti ɗaya, biyu, babu komai. Sai fitilar ta kifta. Ta sake. Ta sake, sau uku. Matan suka ja da baya suna salati.

Ni na rubuta layin nan da hannuna, na san abin da yake, na san daga inda ya fito. Duk da haka na durƙusa a gaban turmin, na dafa tsagewar nan ta kusurwa.

"Na ɗauka, Saminu," na ce. "Ina jin ka. Faɗa mini."